Inda Bahaushe Ya Ajiye Farin Cikinsa

Farin ciki kalma ɗaya ce a kunne, amma biyu ce a asali: fari da ciki, sai ɗan harafin "n" da ya ɗaure su. Yawan amfani ya sa sun manne, har mai magana ba ya ƙara ganin launi a cikinta, ba ya kuma tuna tumbi. Yaro kan iya ta tun bai iya ƙirga yatsunsa ba. Sai an tsaya an warware ta ake ganin abin da ta ƙunsa: Bahaushe ya ɗauki jin daɗi mafi zurfi da ɗan Adam ke samu, ya yi masa launi, ya kuma nema masa mazauni a jiki. Da ya tashi zaɓen mazaunin kuwa, sai ya tsallake kai, ya tsallake ƙirji, ya sauka a ciki.

Duka sassan biyu Hausa ce ta gado, babu aro a cikinsu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tarar da kalmar a zaune daram, kowa na amfani da ita. Ƙirarta ma tsohuwar ƙira ce da harshen ke yawan bi in zai ba hali suna: a ɗauko sifa, a jingina ta da wata gaɓa. Haka aka sami taurin kai da girman kai, ƙarfin zuciya da zafin rai, farin jini da baƙin jini. Mutumin Sakkwato ko Gobir ko Adar zai ce hwarin ciki, na Kano da Damagaram su ce farin ciki, amma ƙirar ba ta canzawa.

Ciki kalma ce mai ɗaukar kaya. Shi ne tumbin da tuwo ke sauka, shi ne juna biyun da mace ke ɗauke da shi wata tara, shi ne kuma tsakiyar kowane abu. Daga nan harshe ya samo "cikin" da ake cewa cikin gida, cikin dare, cikin damuwa, kamar yadda ya samo "kan" daga kai, "bayan" daga baya, "bakin" daga baki. Mai bin hanyar Damagaram zuwa Tanut, idan ya iso Bakin Birji, garin kasuwar nan da ke ƙaramar hukumar Ollelewa, ya taka wannan dabara a sunan gari: ƙasa ma an yi mata baki. Da jikinsa Bahaushe ke auna duniya, kuma a wannan awo ciki ne wurin ajiya.

Abin da ake ajiyewa a can ya fi abinci yawa. Karin magana ya faɗa sarai cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mai riƙe sirri zurfin ciki gare shi. Wanda aka ɓata wa rai ya yi shiru, ya bar wa cikinsa ke nan. In ana son jin abin da mutum ke ɓoyewa sai a bugi cikinsa, in kuwa tsoro ya kama shi sai a ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Ciki da gaskiya, in ji masu iya magana, wuƙa ba ta huda shi. 'Yan'uwan da suka fito daga uwa guda, cikinsu ɗaya. A wuri guda aka tara sirri da tsoro da gaskiya da zumunta, wurin da ido ba ya kaiwa. Saboda haka idan aka ce wannan wuri ya yi fari, ana nufin abin ya ratsa har inda mutum ba ya iya yi wa kansa ƙarya.

Maƙwabta ma sun nemi mazaunin jin daɗi a jiki. Bayarabe na cewa "inu didun", wato ciki mai zaƙi, kuma "inu" ɗin nasa kusan daidai yake da cikin Bahaushe. Bazabarme na cewa "bine kaani", daɗin zuciya. Ibo na cewa "obi uto", shi ma daɗin zuciya ne. Dukansu da harshe suka ɗanɗana abin. Hausa ba ta rasa wannan hanya ba, don akwai jin daɗi, akwai daɗin rai. Amma da ta zo kan mafi girman jin daɗin, sai ta ajiye ɗanɗano ta ɗauki launi, launin abin da ba wanda ya taɓa gani. Wannan zaɓi ne mai ban sha'awa, kuma shi ya sa kalmar ta fi 'yan'uwanta nauyi.

To wane irin fari ake nufi? Amsar na warwatse cikin maganar yau da kullum. Mai kawo labari mai daɗi kan ce albishirinka, a ce masa goro, ya tambaya fari ko ja, a amsa masa fari. Jinjirin wata idan ya tsaya, farin wata ne sha kallo. Mai kyakkyawan nufi farar aniya gare shi, kuma an ce farar aniya laya ce. Wanda ba ya riƙe mutum a rai farar zuciya gare shi. Malamai kuma suna karantar da aya ta 106 a surar Ali Imrana, inda aka siffanta ranar hisabi da farin fuskoki da baƙinsu, abin da ya ƙara wa tsohon hoton ƙarfi a zukatan Musulmi. A duk waɗannan, fari na nufin abin da aka wanke, wanda babu dauɗa ko gauraye a cikinsa. Kalmomin da ke rakiyarsa ma haka suke nunawa: fari tas, fari ƙal, fari fat. Farin ciki ke nan ya fi kama da ruwan randa da ya kwana, laka ta kwanta, aka leƙa aka ga ƙasan randar. Sai dai fari ba kullum yake alheri ba a Hausa. Camfi ya ɗora wa wasu mata sunan farar ƙafa, zargin da ya raba aure da yawa ba gaira ba dalili. Likkafani ma fari ne.

A rubutun boko akwai wani abin lura da mutumin Damargu zai fi kowa ji a jikinsa. Haruffa huɗun nan, f da a da r da i, suna ɗauke da kalmomi da dama waɗanda sai karin sauti da tsawon wasali ke raba su a baki. Akwai fari na launi. Akwai fari na farko, kamar a ɗan fari. Akwai fari jam'in fara. Akwai kuma fari na ɗaukewar ruwan sama. Asalinsu daban-daban ne, kuma kunnen Bahaushe ba ya rikita su. Amma a takarda sun zauna da kamanni ɗaya, kuma biyun ƙarshe su ne manyan abokan gaban farin ciki a ƙasar Damargu.

Damargu, wadda ta haɗa gundumomin Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, ƙasar hatsi ce a bakin hamada. Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani sun daɗe suna zaune a cikinta, waɗansu na noma, waɗansu na kiwo, da yawa na haɗa biyun. Ita ce ta kasance rumbun Abzin: ayarin raƙuma kan sauko da gishirin Bilma, ya koma da gero. A Janairun 1851 matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ta tare da ayarin gishiri na Buzayen Kel Ewe, kuma a ƙauyen Tagelel ne ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, shi ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Amma rumbun nan a bakin iyaka yake. Ruwan da ke sauka a yawancin shekaru bai kai milimita 400 ba, kuma cikin wata uku yake zuwa ya wuce. Dokar Nijar ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke gaba ga makiyaya, a wannan yanki layinta ya ratsa. Tsofaffin ƙasar Hausa sun gaji labarin yunwar Kakalaba ta 1914. An sha farin 1973 da 1974. An sha na 1984, wanda mutanen Nijar da dama suka laƙaba wa El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da Buhari ya yi. A 2004 fari biyun suka haɗu, ruwa ya ɗauke da wuri, fari kuma suka sauka a gonaki da makiyaya, abin da ya haifar da yunwar 2005.

A irin wannan ƙasa, cikin da ke cikin farin ciki bai gama zama misali ba. Har yanzu da sauran tumbi a jikinsa. Mai gidan da ya ɗaure dammansa a kaka, ya ƙirga, ya ga za su kai iyalinsa wata damina ba tare da ya auni tiya ko ɗaya a kasuwa ba, abin da yake ji a ransa da abin da yaransa za su ji a tumbinsu abu guda ne. Shekarar da rumbu ya cika, ci-rani zuwa Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya ya zama zaɓi, samari na zama gida, ana ɗaura auren da aka ɗage. Rijiyoyin Damargu masu zurfi ne, da raƙumi ko sa ko jakuna ake jan gugansu, don haka karin maganar nan da ke cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya ba ya bukatar sharhi a wurin. Wanda ya ce farin ciki ba shi da alaƙa da ƙoshi bai taɓa jiran ruwan shuka ba. Wanda kuma ya ce ƙoshi ne kawai, ya manta cewa harshen da kansa ya ware kalmar ƙoshi daban.

Kalmar da ta fi kusa da farin ciki ita ce murna, har akan jera su tare, a ce ana murna da farin ciki. Amma ba ɗaya suke ba. Murna fitowa take yi. Ita ce tsallen yaro da ya hango mahaifinsa ya sauko daga mota, ita ce guɗar da mata ke rangaɗawa in an kawo amarya ko an sauka lafiya, ita ce harbin bindiga da kiɗa ranar hawan salla. Tana da dalili na kusa, tana da lokaci, tana kuma iya kuskure, shi ya sa akwai murnar banza. Farin ciki yakan zauna. Ana iya ganin tsohuwa a gefen taron suna, ba ta guɗa, ba ta rawa, tana ta jan carbi, alhali duk gidan ba wanda ya kai ta. Akwai salon magana ɗaya da ya bayyana bambancin fiye da kowane ƙamus. Idan abin da ake tsammani ya wargaje bayan an fara shagali, sai a ce murna ta koma ciki. Wato wurin murna waje ne, komawarta ciki mutuwarta ce. Shi kuwa farin ciki, can ne gidansa tun farko.

Larabci ya ƙaro wa Hausa kalmomi da yawa a wannan fage, kuma abin lura ne inda kowace ta samu wurin zama. Fara'a, daga kalmar Larabci ta murna, a fuska ta sauka: mai fara'a shi ne mai sakin fuska, ko da kuwa cikinsa na ƙuna. Raha, wadda asalinta hutawa ce, ta koma hira da barkwanci. Nishaɗi, wanda asalinsa kuzari ne, ya zama na wasa da kallo da kiɗa. Annashuwa ta tsaya kan walwalar da ke bayyana a jiki da murya. Sa'ada kaɗai ta yi zurfi, amma ita ma a zauren malamai ta zauna, inda ake nufin rabauta ta har abada da ita. Jama'a sun fi saninta a sunaye, Sa'adatu da Sa'idu da Mas'udu. Kishiyarta ma ta shigo, sai dai ta sauya hali a hanya, don shaƙiyyi a Larabci wanda ya taɓe ne, a Hausa kuwa ɗan tsokana ne mara jin magana. Baƙin kalmomin nan sun sami masauki a fuska da baki da makaranta. Ɗakin ciki ya zauna a hannun 'yar gida.

Idan aka juya kalmar, aka sa ƙarshenta a farko, sai a sami cikin fari. Farin da ke nan na farko ne, wani asali daban, amma haɗuwar ta cancanci a tsaya a kanta. Cikin fari shi ne juna biyun da mace ta fara ɗauka, wanda a al'ada takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, ta yi wankan jego a can. Da wuya a sami abin da ya kai wannan haihuwa faranta ran gida biyu. Amma ɗan da aka haifa shi ne wanda uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce ke ɗaukarsa ta raine shi. Kunyar ɗan fari ke nan, wadda Fulani suka fi kowa tsanantawa, Hausawa ma suka riƙe. Baƙo zai iya ɗauka rashin so ne. Na gida ya san cewa abin ya yi girman da ba a fito da shi fili. Al'adar tana sassautawa a birane, ana kuma iya yi mata gardama, don yaro na bukatar ya ji ɗumin uwarsa. Duk da haka tana koyar da wani abu game da kalmar: a tarbiyyar Bahaushe, yawan abin da ke ciki ba a auna shi da yawan abin da ya fito.

Kishiyar farin ciki kuwa fuska biyu gare ta. Baƙin ciki shi ne abin da ke kama wanda aka yi wa rasuwa ko ya yi asara. Amma idan aka ce wane yana yi wa wane baƙin ciki, magana ta koma hassada. Ɗan baƙin ciki shi ne wanda cikinsa ke duhu saboda na wani ya yi haske. Hausa ta sa ciwon rashi da ciwon ganin samun wani a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma da wuya a ce ta yi kuskure, tunda duka biyun wuri ɗaya suke ci. Daga nan ake gane nauyin kalmar taya. Ana taya mutum farin ciki kamar yadda ake taya shi noma ko ɗaukar kaya, sai ka ce abu ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Zuwa barka wajibi ne na zumunci. Maƙwabciyar da aka haihu a gidan da ke jikin nata ba ta leƙo ta ce barka da arziki ba, ta faɗi abin da ke cikinta ba tare da ta buɗe baki ba, kuma za a daɗe ana tunawa.

Makaɗa sun san wannan tagwaitaka sarai. A waƙar fada, irin ta Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko ta Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram, yabon sarki da zambon mahassadansa tare suke tafiya, don daɗin masoyi ba ya cika a waƙa sai an nuna ƙunar maƙiyi. Waƙoƙin mata na niƙa da daɓe da raino sun bi wata hanya. A cikinsu ake fitar da abin da kunya ta hana a faɗa da magana, har da son ɗan da ba a kiran sunansa. Gangar noma a wurin gayya kuma aikinta ta tayar da murna tun kafin a ga amfanin, ta ba jiki ƙarfin da zai kai ƙarshen kunya.

Akwai wani ɗan sauyi da ke faruwa idan kalmar ta zama aikatau. Daga fari aka sami faranta, daga baƙi aka sami baƙanta, amma ba a cika cewa ya faranta mini ciki ba. Rai ake faranta wa, ko zuciya. Haka kuma akan ce ransa ya yi fari, ko zuciyarta ta yi fari tas. Ciki da rai da zuciya suna karɓar aikin juna, ko da yake kowanne da inda ya fi ƙarfi: zuciya ta fi kusa da fushi da jarumta, rai ya fi kusa da so da ƙi, hankali kuma shi ke tashi ya kwanta. Kwanciyar hankali ita ce ƙasar da farin ciki ke tsira a kai, shi ya sa addu'ar da ake yi wa ango da amarya ta fi yawan ambaton zaman lafiya.

Zamani ya ba kalmar sababbin ayyuka, wasu sun rage mata kauri. Katin biki na buɗewa da cewa iyalan wane na farin cikin gayyata. Takardar ofis na farin cikin sanarwa. Tun 2013 gidajen rediyo ke kiran 20 ga Maris Ranar Farin Ciki ta Duniya, bisa shawarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 2012. Ranar buɗe babban aiki ma ranar farin ciki ake kiranta a bakin hukuma. A ƙasar Ollelewa aka gina matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem. Abin da ake yi ranar yanke ƙyalle, a ma'aunin tsohuwar Hausa, murna ce. Zamanta farin ciki ga ƙauyukan da ke hango hasken matatar da dare ya rataya ga abubuwan da suka fi jinkiri: ruwan sha, aikin yi ga samari, asibitin da ke kusa.

A ƙauye kalmar ba ta yi wannan arahar ba, kuma mai abin ba shi ya cika faɗinta ba. Waɗansu ne ke faɗi game da shi: ai wane yana cikin farin ciki, ɗansa ya dawo daga Libiya lafiya, ko 'yarsa ta sauke Alƙur'ani. Ana gane shi ne ta hanyar da karin magana ya nuna, labarin zuciya a tambayi fuska, wani lokaci kuma ta hawayen da ke zubowa ba tare da an yi rashi ba. Shi kansa in aka tare shi a bakin rumbu aka ce yaya amfanin gona, ba zai ambaci yawan dammansa ba, don gudun baki da kuma kunyar maƙwabcin da gonarsa ba ta yi ba. Zai ce alhamdulillahi, an samu na sawa a baka. Bayan kwana biyu sai a ga ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya kuma aika yaro da wani damin gidan ƙanwarsa da ke aure a ƙauyen gaba.